Sabon Fenti a Gidan Yaya

Hanci suke ce masa a rumfar dillalai, kuma ba don girman hancin ba, ko da yake a nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Sana'a ce ta ba shi sunan. Sauran dillalan gidaje sai an kafa allo a ƙofa an rubuta na sayarwa ne sannan suke rugawa, shi kuwa tun mai gida bai gaya wa matarsa ba ya riga ya sansano. Kullum da safe zai kifa hular kwano, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya bi unguwanni layi-layi a hankali. Tef ɗin awo yana maƙale a ƙugu, ɗan littafi a aljihun gaba. Duk gidan da ya ga alama sai ya tsaya a tsallaken titi, ya ɗauki hoto da waya, ya rubuta layi kaza, ɗaki kaza, famfo ne ko rijiya, ƙofa tana kallon ina. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki. Littattafan sun cika kwali biyu a ƙarƙashin gado, matarsa ta ce ɓerayen gidan sun kusa zama dillalai saboda yawan karatu.

In kana son ka ji bakinsa, tambaye shi yadda yake ganewa. Zai gyara zama ya ce maka, "Ruwa ba ya tsami banza. Mai zama a gida ciki yake gyarawa, mai sayarwa waje yake shafawa. In ka ga fenti a gaba kawai, baya ko oho, ka tsaya. In ka ga an sare rassan bishiyar ƙofar gida don hoto ya fito da kyau, ka tsaya. In ka ga tsofaffin kujeru a waje, ko ƙofar da ta shekara goma tana kuka yau an gyara ta, to fito da littafinka." Ko Dogo, babban abokin hamayyarsa, wanda ba ya yabon kowa, yakan ce wannan mutum da hancin nan nasa zai iya sansano gida ta cikin ambulan.

Layi ɗaya ne a duk garin Hanci ba ya bi, kuma shi ne layin Yaya.

Yaya ita ta raine shi tun yana ɗan shekara shida, da mahaifiyarsu ta rasu. Ta yi masa wanka, ta yi masa duka, ta sayar da keken ɗinkinta don ya ci gaba da makaranta, makarantar da bai ma ƙarasa ba. Har furfura ta fara fito masa bakinta bai san wani suna ba sai Auta. Mijinta ya rasu ya bar mata gida, 'ya'yanta mata biyu suna can nesa da iyalinsu, ita kaɗai take zaune. Wata bakwai da suka wuce aka yi mata aikin gwiwa a asibiti. Ranar ya ce zai zo da hantsi, sai wani mai saye ya kira. Ya ce da yamma, yamma ta same shi a bayan gari yana auna fili. Washegari ya tashi da nauyin abin a ransa, ya ce bari sai ya samu abin riƙewa a hannu. Mako ya zama wata. Kunya ta hana shi zuwa, rashin zuwa ya ƙara masa kunya, haka abin ya yi ta ninkuwa. Matarsa ta je sau uku ita da 'yan biyunsu, tana rufa masa asiri da ƙaryar aiki. Shi kuwa in wayar Yaya ta shigo sai ya kife wayar a kan tebur, ya zauna yana kallon bayanta har ta yanke.

To, ranar wata Talata yana ɗaura takalmi matarsa ta tsaya a kansa.

"Baban Biyu, Yaya ta sake kira. Karo na uku ke nan a makon nan. Ta ce maganar ba ta waya ba ce, ka je da ƙafarka."

"Zan je."

"Zan je ɗin nan fa ya isa fitar da haƙori."

Sai ya nemi hanyar gudu. Ya leƙa ta taga ya nuna bangon gidan hayar da suke ciki, wanda aka shafa wa fenti ruwan madara mako biyu da suka wuce.

"Kin ga dai mai gidan nan ya ji tsoron Allah. Shekara uku ina binsa da magana, sai yanzu ya san da mutum yake yi. Har ƙofar waje ya gyara."

"Gaba kawai aka shafa," in ji ta. "Banɗaki yana nan yana yoyo."

"A hankali za a zo kansa. Ke dai ba ki da haƙuri."

Ka ji fa mai hanci. Ya tada babur ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

A ranar an tare babban titi ana gyaran magudanar ruwa, masu aikin suna ta karkatar da ababen hawa ta wata ƙaramar hanya. Kafin Hanci ya ankara, ga shi a bakin layin Yaya, motoci a bayansa suna ta hon, ba halin juyawa. Ya sauke gilashin hular kwano ya rufe fuska, ya yi niyyar wucewa da gudu. Amma idon dillali ba ya jin magana. Sashen gaba na gidan, ɗakuna biyun nan masu ƙofarsu daban inda marigayi mijin Yaya yake ajiye kayan aikinsa na kafinta, ya sha sabon fenti ruwan madara. Bangon gefe yana nan da tsohon dattinsa. An sare rassan bishiyar ƙofar gida. Ga bencin aikin marigayi da karyayyun kujeru uku an jingine a waje. Ƙofa ta samu sabon kwaɗo. Akwai kuma sabuwar mitar wuta an kafa kusa da tsohuwar, ya gan ta sarai, amma ba ta cikin alamominsa, sai idonsa ya tsallake ta.

Bai san lokacin da ya tsaya a tsallaken titi ba. Abin da ya fara motsi a jikinsa hannunsa ne, ya tafi aljihun littafi tun zuciyarsa ba ta ce komai ba. Da ya lura da hakan sai ya ji kunyar kansa, gidan da ya yi wayo a hannun mai shi, wai shi ne yake ƙirga wa taga. Amma bai mayar da littafin ba.

Nan take ya haɗa lissafi. Ashe wannan ce maganar da ba ta waya ba. Gwiwa ta hana Yaya sakat, za ta sayar ta koma wurin ɗaya daga cikin 'ya'yanta, shi take nema ya samo mata mai saye. Daga nan wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da kunya kan koya wa mutum. In ya shiga shi kaɗai, wata bakwai ɗin nan za su zauna a tsakaninsu, sai ya amsa tambaya. In kuwa ya shiga da baƙo, Yaya ba ta yi wa mutum faɗa a gaban baƙo. Zai shiga da abin hannu, abin da take nema ma tun ba ta faɗa ba. Ga kuma Dogo, in ya biyo ta nan ya ga fentin, ai an gama da shi.

Ya ɗauki hoto. Ya saka a zauren waya inda masu neman gida suke taruwa, ya rubuta a ƙasa kamar yadda ya saba, don ya san abin da ke sa mai saye ya taso: "Sabo, bai shiga kasuwa ba tukuna. Mai shi tsohuwa ce, ita kaɗai, tana son tashi da wuri."

Yana turawa ya sake karantawa, kalmar tsohuwa ta tsaya masa a wuya. Ya ɗora yatsa zai goge, wayar ta yi ƙara a hannunsa. Mai kantin magani ce, wata mata mai zafin nama da ta yi wata huɗu tana sa shi neman gida kusa da titi.

"Malam, wannan na gani ya yi mini. Kada ka nuna wa kowa. Gobe da hantsi."

"Ranki ya daɗe, bari in fara..."

"Gobe da hantsi," ta ce, ta kashe.

Da yana da ƙarfin hali, tsallaka titin nan kawai zai yi, taku ashirin, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya dubi ƙofar, ya dubi wayar, ya tada babur.

Washegari ya ce wa matarsa yau zai je wurin Yaya. Murna ta kama ta, ta naɗe masa lemo a leda da man shafawa na gwiwa, ta ce ya gaishe ta da kyau, ya kuma saki fuska ya karɓi faɗa. Bai gaya mata da wa zai je ba. Ledar ta yi masa nauyi a hannun babur duk tsawon hanya.

Mai kantin magani ta riga shi isa. Ta fito daga mota tana ƙare wa bangon kallo, ta ƙwanƙwasa shi da makulli tana saurare. Hanci ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ba. Aka daɗe kafin ya ji taku, taku biyu da ƙarar sanda, sannan ƙofar cikin gida ta buɗe.

Yaya ta rame. Bai yi tsammanin haka ba. Ta dogara da sandar ƙarfe, ta ɗaga ido ta dube shi, fuskarta ta washe gaba ɗaya.

"Auta. Kai ne? Yau da wa na tashi?" Ta kama hannun rigarsa tana jijjigawa. "Ka ga yadda ka yi baƙi. Babur ɗin nan zai ƙarasa ka. Shigo, shigo."

Ko kalma ɗaya ba ta ce a kan wata bakwai ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa ledar kansa a ƙasa, ya tambayi jiki, ta ce jiki ya yi sauƙi, gwiwa ce dai ta zama sarauniya, sai abin da ta ce. Sannan ta lura da matar da ke bayansa.

"Baƙuwa ce, Yaya," ya ce. "Tare muke. Tana son ta ga gyaran da aka yi."

"Ai kuwa ta zo a daidai. Sannu da zuwa, 'yata. Ku biyo ni, ni ma na ƙosa wani ya gani."

Ta ciro makulli daga bakin zaninta ta buɗe sashen gaba. Suna shiga ƙanshin fenti ya buge su. An shafe ciki ma, tas, har rufi. An cike ramukan ƙasa da siminti. An sa raga a tagogi saboda sauro. Shi ya sani, shi yake koya wa mutane, mai sayarwa ba ya ɓata kuɗinsa a kan ragar sauro. Wani abu ya ce masa ya ja matar nan su fita tun da sauran mutunci, amma ƙafarsa ta ƙi.

Yaya tana gaba tana nunawa da sanda. Nan ta sa an fasa ƙofa tsakanin ɗakunan. Can baya ta sa an kewaye wurin girki. Wuta ma an raba, kowa da mitarsa, don kada a riƙa jin nauyin juna. A bangon ɗaki na biyu akwai wata doguwar kanta ta katako, hawa biyu, an kafa ta sama inda ɓera ba zai kai ba.

"Da katakon marigayi aka yi ta," in ji Yaya. "Ya fi shekara goma a ajiye, ashe yana da ranarsa."

Mai kantin magani tana ta gyaɗa kai. Ta buɗe taga ta rufe, ta taka ƙasa da dunduniya.

"Aikin ya yi kyau, Mama. Malam, auna mini wannan ɗakin, in ga ko zai ɗauki abin da nake so."

Shekara goma sha huɗu hannu ya saba. Kafin ya yi tunani tef ya fito daga ƙugu, ya ja bakinsa. Yaya ta yi dariya, ta jingine sanda, ta karɓi bakin tef ɗin ta riƙe a jikin bango, yadda take riƙe masa littafi yana yaro.

"Auna dai don ranka ya kwanta," ta ce. "Amma gadonku zai shiga, har da sauran wuri. Na sa mai fenti ya auno mini shi da igiya ranar da ya koma ƙarasa aiki a gidanku. Na 'yan biyu kuma can ɗakin, ƙarƙashin taga."

Hanci ya tsaya a sunkuye a ɗaya bangon, tef ɗin a miƙe tsakaninsa da ita.

"Gadon wa?" in ji mai kantin magani. Ta dubi Yaya, ta dubi Hanci. "Mama, da masu haya za a sayar? Ni an ce mini ke kaɗai ce, kuma tashi za ki yi."

"A sayar da me, 'yata?"

Matar ba ta da laifi, kuma ba ta saba da kwana-kwana ba. Ta buɗe waya ta miƙa. Yaya ta karɓa da hannu ɗaya, ta nisanta ta da idonta don ba ta sa tabarau ba, ta ga ƙofar gidanta da bishiyarta da bencin mijinta. Ta karanta rubutun ƙasa a hankali, leɓɓanta suna motsi. Hanci yana kallon bakin nan yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya ga lokacin da ta kai kan tsohuwa, ya ga lokacin da ta kai kan ita kaɗai. Ya roƙi ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa kuwa sabon siminti ce.

Yaya ta saki bakin tef ɗin. Ya ruga da kansa ya koma gidansa, ya bugi yatsan Hanci.

Abin da ta yi bayan nan shi ne bai taɓa barinsa ba. Ta mayar wa matar wayarta, ta ɗauki sandarta, ta yi murmushi.

"Ki yi haƙuri, 'yata, an sa ki ɓata safiyarki. Gidan ba na sayarwa ba ne. Laifina ne, ni ce ban yi wa ƙanina bayani da wuri ba, ya ga gyara ya zaci tashi zan yi. Kada ki riƙe shi, ya san aikinsa, zai samo miki wanda ya fi wannan. Ki sha ruwa kafin ki tafi."

Ta sa matar ta zauna, ta ɗingisa ta kawo ruwa da kanta, ta hana Hanci ya taya ta. Ta tambayi kantin, ta tambayi yara, har ta nemi shawara a kan maganin gwiwa. Ta raka ta bakin ƙofa. Mai kantin magani ta shiga mota, ta dubi Hanci ta taga, duba ɗaya.

Da ƙarar motar ta ɓace, Yaya ta dawo ta zauna a kan bencin marigayi, ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki. Hanci ya durƙusa a gabanta a bakin titi, mutum mai furfura, bai damu da masu wucewa ba.

"Yaya, wallahi na zaci..."

"Na ji abin da ka zata. Na karanta." Muryarta ba ta tashi ba. "Mai fentin da ya yi aikin gidanku ɗan layin nan ne. Shi ya zo ya gaya mini mai gidanku ya sa gidan a kasuwa, ya ba wani dogon dillali, ya ce kada a bari ka ji sai an gama ciniki. An ma kai mutum biyu sun gani daga waje kana can kana yawon duba gidajen mutane. Ragowar fentinku ne wannan, na saya a hannunsa. Bai isa gefe ba, na ce a bar gefe, ba a bango za su kwana ba."

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ban gaya wa matarka ba, don kada ta ji a bakina kafin kai. Na ce namiji ne, in gaya masa mu biyu a ɗaki, ya je ya faɗa wa iyalinsa da bakinsa, da makulli a hannu, kada ya ji kunya. Kunyarka nake ta tattali, Auta." Ta girgiza kai kamar ta ɗanɗana wani abu mai ɗaci. "Da ba ka zo asibiti ba na ce aiki ne. Da ka daina ɗaukar waya na ce nauyi yake ji, zai huce. Ban taɓa kawo wa raina cewa ranar da za ka tako layin nan, a tsallaken titi za ka tsaya ba."

"Ki yafe mini, Yaya."

"Na yafe. Me zan yi da shi in na riƙe?"

Ta kwance makullin daga bakin zani, biyu ne a zare ɗaya, ta ajiye a kan benci kusa da ita. Ba ta miƙa masa a hannu ba.

"Ɗauka. 'Yan biyu ba su yi mini komai ba, uwarsu ma haka. Ku shigo duk ranar da kuka shirya." Ta dafa sanda ta miƙe da ƙyar, ya kai hannu zai tallafe ta, ta kauce kaɗan. "Ka goge hoton nan, dillali. Tsohuwar ba ta tashi ba tukuna."

Ta shiga ta tura ƙofa.

Kafin ya goge, mutum goma sha ɗaya sun riga sun tambayi farashi.

Rana tana tsaka ya koma gida, lokacin da bai saba dawowa ba. Bai shiga ba. Ya tsayar da babur a tsallaken titi, inda yake tsayawa a gidan kowa, ya cire hular kwano ya duba. Fenti ruwan madara a gaba, gefe ko oho. Ƙofar waje da ta shekara tana kuka ta yi shiru. Rassan bishiya a sare, ga su can a tare sun bushe. Tsohon tankin ruwan da ya daɗe a ƙofar gida an ɗauke. Babu alamar da ta rage, duk suna nan a jere kamar shi ya tsara su, kuma mako biyu yana shiga yana fita ta tsakiyarsu yana yabon kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yana nan tsaye sai ga Dogo a mota da wani mutum a gefensa. Dogo ya rage gudu, ya hango shi, ya yi sauri ya kau da kai ya wuce. Har Dogo ya ji masa kunya.

Matarsa ta saurari labarin duka a tsaye, da ludayi a hannu. Bai rage komai ba, har rubutun ƙasan hoton ya faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da lemon nawa ka shiga?" Ya ce eh. Ta juya ta koma wurin girki, ya ji tana jan hanci.

Ƙarshen wata suka tashi. Gadon ya shiga, har da sauran wuri, kamar yadda aka faɗa. Na 'yan biyu ya zauna ƙarƙashin taga. Ya buɗe kwalayen nan biyu ya jera littattafansa a kan kantar katako, suka cika ta daidai, hawa biyu, ba ragi ba ƙari. Ashe har kwalayen ta sa an auno.

Yaya ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Tana yi wa 'yan biyu kitso, tana hira da matarsa har su manta da tukunya a wuta. Shi ma ba ta rage shi da komai ba. In ya dawo tana amsa gaisuwarsa, in ya yi tari ta aiko da magani. Shi yake kai ta asibiti duk wata yanzu, tun kafin a buɗe ƙofa suna can, ko wayar wa ta shigo ba ya ɗauka. Ya shafe bangon gefe da hannunsa, ya shafe na baya. Ta fito ta duba ta ce, "Ya yi kyau, dillali. Sannu da aiki."

Sunan ke nan tun daga ranar. Ba da gatse take faɗa ba, da ma da gatse ne da ya samu abin kamawa ya ba da haƙuri. A rumfa ana nan ana ce masa Hanci, yana amsawa, amma ya daina ba da lacca a kan alamomi. In sabon shiga ya tambaye shi yadda ake gane gidan sayarwa, sai ya ce, "Ka ƙwanƙwasa ka tambaya."

Kullum da yamma in ya dawo, a bakin layi yake tsayawa ya cire tef ɗin awo daga ƙugu, ya tura shi can ƙasan akwatin babur. Ya koyi haka ne tun makon farko, ranar da ya shigo tsakar gida da shi a maƙale. Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa, ta amsa sallamarsa da fara'a, idonta ya sauka a ƙugunsa. Ta miƙa hannu baya a hankali ta saki labulen ɗakin, ya tare masa ganin ciki.